Ɗaki na Goma Sha Ɗaya

A tudun Cordillera, inda matakala ta fi titi yawa,
Valparaíso na barci, ni ina zanen kurkuku
a takarda mai gida-gida.
Kofin shayi ya bar zobe a ɗaki na huɗu.
Na bar shi. Ya zama rijiya.

Wasan ba namu ba ne. Mun taso mun same shi
a tsohuwar na'urar da sai an hura mata iska take tashi.
Masu shi sun rufe labarin sun tafi,
mu muka ƙi fita.
Ba wanda ya aike mu, ba mai biya.
Akwai dai ƙofa, tana son makulli.

Fresia ce mai dodanni.
Da rana tana yankar tikiti a keken da ke hawa tudu,
da dare ta turo mini ƙaguwa
mai ɓawo kamar murfin tukunya.
Ta ce takobi ba ya cin ta.
Na ce, to ta ina?
Ta ce, jira ta yi hamma.
Mako biyu muna musu kan tsawon hammar ƙaguwa,
na ce rabin daƙiƙa, ta ce ai wannan mugunta ce.
Abokin gaba na kirki, in ji ta,
shi ke gaya maka yadda za ka kashe shi
ba tare da ya ce uffan ba.

Abin cikin akwati ni na zaɓa.
Ba baka ba, ba bam ba, an gaji da su:
ƙugiya da igiya, irin ta babana Eleodoro
da yake janyo kwale-kwale a Caleta Portales
har ranar da kafaɗarsa ta ce ya isa.
Ɗaki na biyar, ga zoben ƙarfe a bango, hannunka bai kai ba.
Na shida, ga shi kuma, haushi ya fara.
Na bakwai, akwati ya buɗe.
Sai ƙishirwa ta kama mutum ake miƙa masa moɗa.

Wata uku. Ɗakuna goma sha tara.

Ran Lahadi na zaunar da Tadeo, ɗan ƙanwata,
yatsunsa duk maiƙon kifi.
Na rantse ba zan sa baki ba.
Ya ɗauki ƙugiya, ko kallon zoben bai yi ba,
ya cilla ta a bayan ƙaguwar Fresia.
Ta firgita, ta zura da gudu tana jan sa,
ta ratsa da shi wata tsaga a ɗaki na goma sha ɗaya
inda na manta tubali guda.
Sai ga shi gaban babban dodo,
da zuciya uku, ba makulli, ba taswira,
ɗakuna bakwai na gumina suna baya, ba sawun kowa.

Ya ce, Kawu, haka ake yi, ko?

Can ƙasa wani jirgin kaya ya busa ƙaho.

Da dare na buɗo bangon, tubalin na bakin yatsana.
Dannawa ɗaya ta isa.
Na daɗe ina kallon ramin.
Ƙarshe na faɗaɗa shi da ɗigo biyu
kada kafaɗar wani yaro ta maƙale,
na ajiye ƙaramin akwati cikin duhun.
Ba zinariya, ba ƙarin rai,
sai hular ulu irin ta masunta, shuɗiya,
ba ta tare sara.

Fresia ta rubuto: me hular ke yi?
Na ce, ba komai.
Ta ce, bari in huda ta a gefen hagu,
na tuna ta tsohon haka take.